Shamakin Ɗakin Inji da Nauyin Jakar Ruwa: Nasiha ga Matasa Masu Koyon Gyaran Jirgi

A jiragen ruwa na wasa da ake ƙerawa a Amurka domin hawan igiyar ruwa, akwai alluna biyu da ke tsaye a gefen inji, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Su ne shamakin da ya raba ɗakin inji da rumbunan ajiya biyu da ke bayan jirgin. Aikin da aka yi su dominsa ba shi da yawa: su hana rigar ceto da igiyar ja da sauran tarkace faɗawa kan inji, su rage ƙara, su tare zafi. A jirage da dama, musamman tsofaffi, allon roba ne ko na katako da aka lulluɓe da kafet, kaurinsa rabin inci ko ya ɗara kaɗan, an riƙe shi da 'yan sukuru ko an zura shi a kwarmi. Wannan allon ne masu jirgi ke jingina wa jakar ruwa mai nauyin ɗaruruwan kilo, daga baya su iske ya lanƙwashe har ya taɓa inji.

Dalilin ɗora ruwan yana cikin wasan kansa. A wasan wekisaf mutum kan hau ɗan allo a bayan jirgi, jirgin ya ja shi har ya miƙe, sannan ya saki igiyar ja ya bar tudun ruwan da jirgin ya tayar ya ci gaba da tura shi. Gudun ba shi da yawa, mil 10 zuwa 12 ne a sa'a. Girman tudun kuwa ya danganta ga yawan ruwan da gangar jirgin ke turewa, saboda haka gwargwadon nutsewar jirgi, gwargwadon tashin igiyar. Kamfanonin da suka yi fice a wannan fanni, irin su Correct Craft da aka kafa a 1925, da MasterCraft a 1968, da Malibu a 1982, sun yi sunansu ne da jiragen da ke jan masu zamiya a kan ruwa, inda ake son jirgi marar nauyi da igiya shimfiɗaɗɗiya. Da sha'awar jama'a ta juya zuwa babbar igiya, sai aka shiga ɗura wa jiragen nauyin da ba a zana su dominsa ba. Inji a waɗannan jirage yana cikin ciki, farfela kuma tana ƙarƙashin ganga, nesa da mai wasa. A tsarin tuƙi mai siffar V, wanda shi ya fi yawa, injin yana can baya an juya shi gaba ta koma baya, kuma wurin da ya fi dacewa da nauyi shi ne daidai gefensa biyu. Ta haka jakar ruwa ta zama maƙwabciyar inji, ba abin da ke tsakaninsu sai allo.

Abu na farko da ya kamata matashi mai koyon wannan aiki ya riƙe shi ne lissafi, kafin zarto da injin huda. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jakunkunan da ake sayarwa, irin Fat Sac da makamantanta, da laba ake ambaton girmansu: mai laba 750 tana kusan kilo 340, mai laba 1,100 kuwa tana dab da kilo 500. Daɓen jirgi ne ke ɗaukar wannan nauyin, kuma yawanci yana iyawa. Abin da ake mantawa shi ne ruwa ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana tura kowane gefe. Jakar tamkar salka take: idan aka ajiye ta a fili, fatarta ce ke riƙe ruwan har ta yi ƙwalle, idan aka cusa ta wurin da ya yi mata kaɗan, fatar ba ta miƙe ba balle ta riƙe wani abu, sai bangon da ke kewaye ya ɗauki turin gaba ɗaya. Mutane da yawa kan sayi jakar da ta fi rumbun girma da gangan, don ta cika kowane lungu. Wanda ya yi haka ya mai da rumbun tankin ruwa, ya mai da shamakin bangon tanki.

Turin ruwa yana ƙaruwa da zurfi. A zurfin santimita 50, kowace murabba'in mita tana ɗaukar nauyin kilo 500, a saman ruwan kuwa babu komai. Idan aka haɗa duka a kan allo mai tsawon mita 1.2, ruwa mai zurfin santimita 50 yana tura shi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 150. Idan zurfin ya kai santimita 70, turin ya zama kilo 294. Ƙarin santimita 20 kacal ya kusan ninka shi, domin idan zurfi ya ninka sau biyu, turi sau huɗu yake ninkawa. Kuma ba a tsakiyar allo wannan ƙarfi yake taruwa ba, yana sulusin farko daga ƙasa. Duk mai waldar tankin ruwa a Kano ko Maraɗi da wannan ƙa'ida yake aiki, ko ya san sunanta ko bai sani ba, kuma ita ce ta sa dogon tanki daga gindi yake fara kumbura.

Akwai ƙarin turi da ba a cika sa shi a lissafi ba. Kowace jaka tana da tiyon da ke fitar da iska da rarar ruwa ta wata kafa a gefen jirgi, kuma masu jirgi kan bar famfo yana aiki har sai sun ga ruwa na tsartuwa daga kafar. A wannan lokacin zurfin da ake lissafi da shi ba tsayin jakar ba ne, tsayin kafar ne. Idan kafar ta fi saman jakar da santimita 30, kuma murfin rumbu ya danne jakar ta sama, kowace murabba'in mita ta sami ƙarin kilo 300, wanda a kan allon da aka ambata ya kai kilo 180 bayan 150 na farko. Idan tiyon ya lanƙwashe ko ya toshe, lamarin ya fi haka muni, musamman da famfo mai farfelar roba irin na Jabsco ko Johnson, wanda ke ci gaba da tura ruwa ko da hanya ta cushe. Sau da yawa abin da ake ɗora wa raunin allo, laifin tiyo ne da ya naɗe a bayan jaka. Saboda haka a fara duba tiyo kafin a taɓa shamaki.

Duk wannan lissafin na jirgin da ke tsaye cak ne. Jirgi a kan ruwa kuwa yana duka da tsalle, yana juyi, yana hawa igiyar wani jirgin, kuma a kowane bugu ruwan jakar yana nausar bango. Kafin Malibu ya fito da Surf Gate a 2012, sauran kamfanoni kuma su biyo baya da nasu farantan da ke karkata ruwa a bayan jirgi, hanyar samun igiya mai kyau ita ce a jibge nauyi a gefe guda har jirgin ya kishingiɗa. Masu tsofaffin jirage har yau haka suke yi. Idan jirgi ya karkata hagu, jakar hagu tana jingina da gangar jirgi, wadda ke da ƙarfi, amma duk ruwan da ke jakar dama kan shamaki yake kwantawa. Mai hankali ba ya gina gyaransa a kan kilo 150 ɗin takarda; yana ninka shi, ya bar rata.

A bayan allon akwai abubuwan da ba a wasa da su. Injin fetur ne mai silinda takwas, akasari asalinsa na mota ne daga General Motors ko Ford, kamfanoni irin Indmar da PCM da Ilmor suka gyara shi don ruwa. A gefensa akwai manifol na salansa, da tiyon ruwan sanyaya, da wayoyi, da layin mai. A ƙarshensa akwai bel da altaneta suna juyawa. Manifol ɗin ruwa ke zagaya shi, don haka a ƙa'ida zafinsa ba ya wuce kima. Amma ran da famfon ruwan sanyaya ya gaza, cikin ɗan lokaci yakan yi zafin da zai narka robar da ta jingina da shi. Allon da ya dinga gugar tiyo kuwa a hankali zai cinye shi, kuma tiyon da ya fashe a ɗakin inji ruwan tafki yake kwararowa cikin jirgi.

Robar da aka fi yin waɗannan alluna da ita, irin King StarBoard, tana da kirki ta fuskoki da dama: ba ta ruɓewa, ba ta shan ruwa, ana yanka ta da kayan kafinta. Aibinta biyu ne. Gam ba ya kama ta sosai, sannan idan nauyi ya daɗe a kanta tana miƙewa sannu a hankali, ta ƙi komawa yadda take, kuma zafin ɗakin inji yana gaggauta hakan. Allon da ya yi ciki a bana, baɗi cikin zai ƙaru ko da ba a ƙara ruwa ba.

Dabarar farko da ke zuwa wa mai koyo ita ce ya ƙara kauri, kuma ba kuskure ba ne. Taurin allo yana hauhawa da kauri sosai: wanda ya ninka kauri sau biyu ya ninka tauri sau takwas, kuma daga rabin inci zuwa kwata uku ana samun fiye da ninki uku. Sai dai wannan ga allo guda ne. Idan aka jera siraran alluna biyu ba tare da an haɗe su gam ba, ɗaya na zamewa a kan ɗaya, ninki biyu kaɗai ake samu. Filawud na ruwa ya fi robar tauri nesa ba kusa ba, amma dole a shafe shi da ruwan faiba, gefuna da ramukan noti musamman, domin ta nan laima ke shiga.

Abin da ya fi kauri tasiri shi ne rage tazarar da allo ke rataye babu madogara. Lanƙwasar allo tana bin tsawon wannan tazara ninki a kan ninki har sau huɗu, ta yadda wanda ya kafa ginshiƙi a tsakiya ya raba tazarar biyu, ya mai da lanƙwasar kusan kashi ɗaya cikin goma sha shida ko ƙasa da haka. Nan ne ya kamata a kashe ƙoƙari. Alminiyam ya fi dacewa da aikin: ya fi robar tauri kimanin sau 70, ba shi da nauyi, kuma ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Baƙin ƙarfe ya fi shi tauri sau uku, amma ya fi shi nauyi kusan sau uku, kuma a wuri mai laima shekara ɗaya ta ishe shi ya fara zubar da ja a kan kafet. Siffar sandar ma abin lura ce. Falen alminiyam da aka kwantar a jikin allo kusan ado ne, da hannu ma ana lanƙwasa shi. Sanda mai kusurwa, wadda kafaɗarta ɗaya ta miƙe daga jikin allon, ko bututu mai kusurwa huɗu, su ne ke riƙewa, domin tsayin da suka yi daga allon shi ne ƙarfinsu. Sanda ta farko a kwantar da ita a sulusin tsayi daga ƙasa, inda turi ya taru. Idan jakar na cika har ta taɓa murfi, sai a ƙara ta biyu kusa da sama.

Sai babbar tambaya, wadda ita ce zuciyar aikin: ina sandar za ta kai nauyin? Ƙarfi ba ya ɓacewa don an ɗaura alminiyam. Allo mai laushi yana lanƙwashewa ya nuna wa mai shi akwai matsala. Allon da aka taurara ba ya nuna komai, yana miƙa turin gaba ɗaya ga gefunansa, ga sukuru huɗu ko shida da aka ɗaura a daɓe don su riƙe allo kawai. Ranar da suka tumɓuke, shamakin dukansa ne zai faɗa kan inji lokaci guda. Irin wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa. Ya wajaba a bi nauyin da ido daga jaka zuwa allo, daga allo zuwa sanda, daga sanda zuwa abin da ke da tushe a jikin jirgi: dogayen ginshiƙan da inji ke zaune a kansu, bangon baya, gindin kujera da aka zuba da faiba, ko firam ɗin da ke ɗauke da murfi. Gefen ƙasa na allon shi ya fi buƙatar matari, kuma sanda mai kusurwa da aka shimfiɗa a tsawon daɓe ta ɓangaren inji tana yin wannan aiki da kyau. Inda hannu zai kai baya, a huda a zura noti ya fita, a sa faranti ko babbar washa a bayansa, maimakon sukurun da ya dogara ga zaren da ya ci a faiba. Inji kansa ba madogara ba ne ko kaɗan. Yana zaune a kan robobi yana rawa, kuma sandar da aka tokare da shi ko dai ta karye ko ta ci abin da ta taɓa.

Wasu kan gitta sanda ta saman inji daga shamaki zuwa shamaki, don turin jaka ɗaya ya kashe na ɗayar. Dabara ce mai kyau idan jakunkunan biyu cike suke. Idan ɗaya ce cike, sandar tana tura ɗaya allon waje ne kawai, saboda haka tana taimako amma ba ta maye gurbin kafi a jikin jirgi.

Huda a jirgi sai an san abin da ke ƙasa. Tankin mai a ƙarƙashin daɓe yake a yawancin waɗannan jirage, wayoyi da tiyo kuma suna bin gefen ginshiƙai, kuma a wasu wurare tsakanin daɓe da gindin jirgi bai kai tsawon yatsa ba. A naɗa tef a kan bakin injin huda daidai zurfin da ake so. A cire batir kafin a shiga da sandar alminiyam kusa da sitata ko altaneta, domin taɓawa ɗaya ta isa ta tada tartsatsi. Kowane rami a cika shi da mannin da ke hana ruwa, musamman a tsofaffin jirage masu katako a cikin faiba. Manni irin 3M 4200 ana iya ɓamɓare shi daga baya, 5200 kuwa kusan na har abada ne, kuma bai dace da abin da wata rana za a so cirewa ba. Noti ya kasance na ƙarfe marar tsatsa, mai robar da ke hana shi kwancewa da girgiza. Sai dai wannan ƙarfe da alminiyam idan suka haɗu cikin laima alminiyam ne ke cinyewa, don haka a raba su da washar roba ko man da aka yi don haka. Ta ɓangaren jaka kada a bar tsini ko kaifi: kan noti mai santsi ne zai fuskance ta, a goge bakin sanda da magagari, a rufe da kafet. Kilo 340 na ruwa da ya tsiyaye a rumbu gindin jirgi zai gangara, kuma ƙaramin famfon kwashe ruwa zai daɗe yana fama da shi.

Ƙarfi ba shi ne kaɗai ma'aunin gyara ba. Da gangan aka yi shamakin mai ciruwa, domin ta nan bakanike ke kai hannu ga tacen mai da farfelar famfon ruwa. A jihohi masu sanyi irin Minesota, da kuma Kanada, ta nan ake kwance matosan inji a zubar da ruwan cikinsa kafin hunturu, in ba haka ba ya daskare ya tsaga injin. Wanda ya kafe allo ta yadda sai an yi sa'a guda ana kwance shi ya sa mai jirgi zai riƙa ɗage duba inji, kuma ɓarnar hakan ta fi ta lanƙwasar allo. Fil mai zaruwa, ko noti mai kunne da ake murɗawa da hannu, ko kwarmin da allo ke zamewa a ciki, duk suna riƙewa kuma suna barin hanya.

Iska ma haka. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a gindin jirgi, shi ya sa ƙa'idar Amurka ta tilasta sa fankar zuƙe iska a ɗakin inji, tare da gargaɗin a kunna ta minti 4 kafin a tada inji. Tiyon wannan fanka sau da yawa ta cikin rumbu ko ta bayan shamaki yake bi, kuma leda ce mai waya a ciki, jaka na iya matse shi ba a sani ba. Ramukan da aka bari a jikin allo don inji ya sha iska kada a toshe su da sanda ko sabon katako. Duk famfon lantarki da za a ƙara a wannan ɗaki ya zama irin wanda aka killace tartsatsinsa.

Gwaji a bakin gaɓa ake fara shi, murfi a buɗe, inji a kashe. A auna ratar da ke tsakanin allo da abin da ya fi kusa da shi a jikin inji, a rubuta. A cika jakar rabi a sake aunawa, a cika ta duka a sake, sannan a rufe murfi a bar ruwa ya fita ta kafar gefe, a buɗe a duba. Bayan haka a fita kan ruwa, a yi juyi, a bar ɗakin ya yi zafi na 'yan sa'o'i, a dawo a auna tun jakar na cike. Ɗan alli da aka shafa a bayan allo zai tona duk inda ya gogi wani abu.

Akwai iyakar da alminiyam ba ya gusarwa. Kamfani yana liƙa faranti a jirgi mai nuna yawan mutane da nauyin da zai ɗauka, kuma ruwan da aka ƙara bayan na kamfani cikin wannan adadi yake shiga, tare da fasinja da kayansu. Shamaki mai ƙarfi yana sa mutum kwaɗayin jaka mafi girma, alhali gefen jirgin yana ƙara kusantar ruwa. Jirgi mai nauyi a baya idan ya tsaya farat ɗaya, igiyar da ya tayar tana biyo shi ta hau bayansa, idan kuma ya juya cikinta da gudu ta shigo ta gaba. A wasu lokuta gyaran da ya fi dacewa shi ne a sayi jakar da aka ɗinka daidai da rumbun, wadda fatarta za ta miƙe kafin ta danni bango, a raba sauran nauyin a ƙarƙashin kujeru da gaban jirgi.

Bayan an gama wasa a zuƙe jakar, kada a bar ta cike ta kwana tana jingine da roba mai ɗumi. Jihohin Amurka da yawa ma suna tilasta zubar da ruwan kafin a ɗauki jirgi zuwa wani tafki, saboda wata ƙaramar dabba mai ɓawo da ratsi-ratsi da aka gano a tafkin Sen Kileya a 1988, wadda 'ya'yanta ke bin ragowar ruwa suna yaɗuwa. A farkon kowace kakar wasa a fitar da jakar gaba ɗaya, a bi noti ɗaya bayan ɗaya a ƙara ɗaure su, domin robar da ke ƙarƙashin washa tana lotsawa. Farin gari a jikin alminiyam alamar ci ce, siraran tsagu a faiba kewaye da rami kuwa alama ce cewa farantin baya ya yi ƙanƙanta. Allon da ya riga ya yi ciki ba ya miƙewa don an ɗaure shi da sanda. A cire shi a kwantar a kan sabon allo, a zana siffarsa, a yanka wani.